Gadon Bakin Taga

Da muka tare a sabon gida a Soundview, ni da Yaya Hadiza kowa ta ce gadon bakin taga nata ne. Muka yarda kartar poka ta waya ta raba gardama.

Kati huɗu masu zuciya suka zo mini, saura ɗaya in yi nasara. Har na hango hasken safiya yana sauka kan matashina. Na tura duk kuɗin wasan da ke gabana don ta tsorata ta janye.

Ta ɗago kai. "Bakin mayafi kike tauna, Auta. Ba ki da komai."

Ita ma ta tura nata, zuciya ta biyar kuwa ba ta zo mini ba.

Yanzu bango nake kallo. Kullum da safe sai ta ja labule ta ce, "Auta, in ba ki labarin sama?"