Rasuwar 'Yar Shuɗiya a Ɗakin Farfaɗowa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wayar da Hajiya Zubaida ta kira sau goma sha ɗaya ban ɗaga ba, ni Harisu Mai Hoto na layin Kusugu nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar filas ɗina, 'yar ma'ajiyar hotunan da nake sokawa a kwamfuta, wadda aka fi sani da 'Yar Shuɗiya. Ta cika jiya Talata bayan azahar, a jikin sabuwar kwamfutata, tana da shekara shida da giga talatin da biyu. Ta tafi da bikin Ummukulsum, 'yar autar Hajiya Zubaida, tun daga kamu har buɗar kai, hoto da bidiyo, kuma ita kaɗai ke riƙe da su a duniya.

Marigayiya mai riƙon amana ce, mai haƙuri. Sau biyu ana wanke ta a aljihun riga, ta sha omo ta sha shanya, ba ta zubar da hoto ko ɗaya ba. Shekarar da na je ɗaukar suna a Baure akuya ta haɗiye ta, ta kwana biyu a can ciki, ta dawo ta ci gaba da aiki ba tare da ta yi wa kowa ƙorafi ba. Ba ta da yawan magana. In an soka ta sai ta ce "tulun", in an zare ta babu sallama ta ce "tulun-lun" cikin ɓacin rai, shi ke nan.

Jinyarta ta fara ne bayan damina. Takan buɗe da ƙyar, wani lokaci sai an hura mata iska an goga ta a hula. Da tsohuwar kwamfutata ta kwanta, na kwashe bikin na damƙa wa marigayiya, katin kyamara kuma na goge shi na tafi ɗaukar saukar karatu.

Wanda ya sayar mini da sabuwar kwamfuta ya ce kafin komai in yi mata rikobari a filas, wato in ajiye ruhinta a gefe, don in ta sume wata rana a tashe ta da shi. Ya ƙara wata magana a kan filas ɗin, amma lokacin ina ɓare ledar allo, ban ji ba. Yanzu na san abin da ya ce shi ne, "wadda babu komai a ciki."

Jiya ƙanen matata Suhaibu, mai tura gadon marasa lafiya a asibiti, ya leƙo shago. Ya ga kalmar rikobari a allo ya gyara tsayuwa.

"Yaya, ai rikobari wurin aikina ne. Ɗakin farfaɗowa ke nan. Duk wanda aka yi wa tiyata can muke kai shi, ya farka yana neman koko. Sa mara lafiyar nan ciki, ku warke gaba ɗaya."

Na soka ta. Ta ce "tulun". Sai wani dogon Turanci ya fito da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa.

"Suhaibu, wannan fa?"

"Takardar sa hannu ce. Ko mu sai dangi sun sa hannu muke shiga da mutum. Danna kawai."

Na danna. Minti arba'in wutarta na ƙiftawa, muna zaune muna yi mata sannu. Da aka gama, ta fito garau, tana buɗewa da sauri kamar sabuwa, amma ba ta san kowa ba. Babu amarya, babu ango, babu rawar da Hajiya ta yi wadda ta ce in ɗauka daga ɓangaren dama. Har sunanta an sauya mata. Suhaibu ya ce aiki ya yi kyau, sannan ya tuna yana da aikin yamma.

Ta rasu ta bar igiyar wuya ɗaya, da kwamfutar da ta cinye ta tana ƙyalli a kan tebur, da ni. Murfinta ya riga ta tun shekara uku da suka wuce.

Game da jana'iza, ba za a binne ta ba, domin an ce ran sabuwar kwamfutar yana cikin gawarta. Za a naɗe ta a farin ƙyalle a kwantar da ita a gwangwanin alawa bayan la'asar. Za a yi zaman makoki na kwana uku a shago, ƙofa a kulle ta ciki. Masu ta'aziyya su ƙwanƙwasa sau uku su faɗi sunansu. Ba a buƙatar Suhaibu.

Ina kan rubuta wannan layin ne wata bas ta tsaya a ƙofar shago. Wata dattijuwa da ban taɓa gani ba ta sauko da tabarma da kwanon fura, mata tara na biye da ita. Na ɗauka 'yan gaisuwa ne, har na sunkuyar da kai.

"Ɗan nan, kai ne mai hoton? Ni gwaggon ango ce, daga Mai'adua. Ciwon ƙafa ya hana ni zuwa biki, Zubaida ta ce duk yana cikin wata 'yar shuɗiya. Kunna mana tun daga kamu, ba ma sauri. Ita ma tana hanya."