Rasuwar Kwamfutar Hannuna a Tanderun Unguwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ya fi yawa a cikinta, ni Rakiya Wazzani ta birnin Fas a ƙasar Maroko nake sanar da rasuwar kwamfutar hannuna, ranar Talata, kwana biyu kafin sallah. Ta rasu tana da shekara shida, ba tare da jinya ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Caji ɗaya yana kai ta wuni biyu, gari da man shanu sun sha shafa mata fuska ba ta taɓa daskarewa ba. Ga murya tangaran. Siririya ce ƙwarai, abin da mai shago ya yi ta yabo ke nan, kuma shi ya yi ajalinta.

A cikinta kaɗai hoton bidiyon Innata yake, wanda na ɗauka wata uku kafin Allah ya karɓi abarsa, tana koya mini biskit ɗin sallah tana faɗa: "Ke Rakiya, hannun nan naki na ado ne? Murza!" Ranar Talata ma tare muka yi kwaɓin, ina murzawa, Inna tana zagina daga cikin bidiyon. Da na gama, na ajiye marigayiya a kan wani baƙin faranti, na shiga wanke hannu.

Sai mijina, Si Bushaib, wanda shekara ashirin bai taɓa ɗauke ko kofi ba, taimako ya motsa masa. Ya ɗora farantin biskit a kan nata, tana tsakani, ya kwashi duka biyun ya kai tanderun unguwa. Malam Lahasan mai gashi ya ga faranti a ninke, yadda muke yi don kada gindi ya ƙone, ya tura wuta. Ba na ganin laifinsa. Ya ce ya ji ta yi ƙara sau ɗaya daga ciki.

Da na tsare Si Bushaib, cewa ya yi: "Haba uwar gida, wata za a sayo, wadda ta fi ta girma ma." Na ce: "Da Innata a ciki ake sayar da ita?" Mai gyara ya duba gawar, ya ce babu abin da zai fito.

Ta bar caja ɗaya, da riga mai ruwan goro, da ni da nake cewa gobe zan kwafe bidiyon, gobe zan kwafe, har shekara ta zagayo. Wannan haushin nawa ne, ba na raba shi da kowa.

Za a naɗe ta a ɗankwalin Inna, a sa ta a akwati ranar Juma'a bayan la'asar. Si Bushaib ne zai zuba shayi, kada kowa ya yi masa gaisuwa. Duk wadda ta taɓa zama da Inna, don Allah ta zo ta kwaikwaya mini yadda take kiran sunana. Tun jiya nake ƙoƙari, muryar ba ta zuwa.