Mika'ilu Zai Kai Rago Miga a Ƙafa

"Ni da kuke gani, jinin mutanen da ne a jikina. Ku kuwa zamani ya gama da ku. Mota ta cinye muku gwiwa, fanka ta busar muku da ƙashi, waya tana zuƙe muku jini ta kunne."

Mika'ilu ke nan, mai shagon lemon sanyi a Limawa, cikin Dutse. Aboki, in ba ka san shi ba, nemi mutumin da tumbinsa ke riga shi shiga masallaci. Wannan huɗuba kullum a kan kujerar roba yake yin ta, fanka na kaɗa shi, ga babur ɗin da yake hawa in zai sayo ƙosai a ƙarshen layi.

Ana nan sai matar ƙanensa Talha ta haifi ɗa namiji a Miga, aka aiko cewa sunan Yaya za a sa wa yaron. Mika'ilu, wanda ko a mafarki ba a taɓa yi masa takwara ba, ya ce shi zai ba da ragon suna.

"Kuma a ƙafa zan kai shi, yadda kakanninmu ke yi," ya gaya wa matarsa Talatu.

"Maigida, Miga fa. Sai an wuce Kiyawa, an wuce Jahun."

"Na san hanya."

"A mota ka san ta."

Ranar jajibirin suna da sassafe gogan ya fito da malafa, da sanda, da gorar ruwa, da sabon takalmin fata mai tauri kamar ƙofar gida. Waya ya bar ta a ɗaki, don kada ta rage masa jini a hanya.

Abin da bai lissafa da shi ba, ragon ma ɗan zamani ne. A tsakar gida ya tashi, kan ragowar shinkafa da ɓawon kankana, bai taɓa zuwa ko bakin titi ba.

Kafin su fita daga Dutse takalmi ya saɓule wa Mika'ilu dunduniya. Ya cire ya rataya, ya ce ai dama mutanen da ba takalmi suke yawo. Ya manta cewa a zamaninsu babu kwalta. Hantsi na dubawa ya fara tafiya yana ɗaga ƙafa kamar zakara a kan garwashi. Ya jawo gora zai sha, ashe tun daga gida take ɗiga a bayan rigarsa. Shi ya ɗauka gumin lafiya ne.

Sai rago ya ga inuwar darbejiya, ya kwanta.

"Tashi, ɗan gata!" Rago ya ci gaba da tuƙa. Mika'ilu ya ja, ya tura, ya roƙa. A ƙarshe sarkin ƙarfi ya saɓa shi a kafaɗa, ya yi ta tangaɗi da shi har azahar. Da ya sunkuya zai sauke shi, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Ya nemi miƙewa, baya ya ce a nan za mu zauna.

A haka wani direban motar haya mai suna Sale ya same shi a gefen titi, a duƙe.

"Alhaji, ruku'u ne ko wani abu ya faɗi?"

"Motsa jiki nake. Miga za ka?"

Aka gwada shi a kujera, bai shiga ba. Fasinjoji suka ɗauke shi yadda yake, suka ɗora a but kan buhunan albasa. Rago aka ba shi gidan gaba, kusa da taga.

Da la'asar sakaliya suka isa. Dangi na ƙofar gida, har da Baffa Yahuza, wan mahaifinsu, tsohon da har yau shi ke nome gonarsa. Sale ya buɗe wa rago ƙofa, ya sauko da kansa. Sannan ya buɗe but, aka sauke Mika'ilu, yana warin albasa, yana gaida ƙafafun mutane.

Baffa ya duba haƙoran rago, ya shafa bayansa, ya ce madalla. Sannan ya daɗe yana kallon ɗan ƙanen nasa.

"Talha, wannan za a yi wa takwara?"

"Shi ne, Baffa."

"To."

Washegari da safe, Mika'ilu na kwance a zaure ta gefe ɗaya, ya ji liman ya yi addu'a, aka sanar: sunan yaro Salihu. Direba Sale, wanda aka riƙe ya kwana, har da ƙwalla.

"Baffa, alkawari fa?" in ji Mika'ilu daga tabarma.

"Yaron nan noma zai yi, Mika'ilu. Muna so ya riƙa miƙewa. Amma ba a manta da kai ba, an ware maka ƙafafun ragon duka huɗu."

"Ƙafafu, Baffa?"

"Ka riƙe su da kyau. Sababbi ne, ba a taɓa amfani da su ba."