Injin Ruwan Zafi Na Jiran Almakashi

Jama'a, ku taya ni murna, bakina ya ƙi rufuwa! Jiya da hantsi maiɗakina Bushra ta sauka lafiya, 'ya mace bayan maza huɗu. Tsabar ɗoki, da takalmi wari da wari na isa asibitin garinmu.

Ko zama ban yi ba surukata ta aiko unguwarzoma: a kawo ruwan zafi yanzu, ganyen darbejiya na hannunta. Kun san wankan jego ba ya jiran kowa, ga shi an ce sai sun kwana uku kafin sallama.

Na zagaya baya inda tsohuwar ganga ke tafasa tun ina yaro. Wayam, sai duwatsun murhu.

Malam Sada mai gadi ya ce, "Ai an ci gaba, angon ƙarni. Manya sun ce ganga na cin itace, sun ɗauke ta, sun kawo inji mai tsimin wuta."

Ya leƙa da ni ta taga. Tubarkalla! Fari fat, cikin ledarsa, an ɗaura masa jan ƙyalle.

Na ce, "To, kunna mana."

"Wa, ni? Rufa min asiri, ina da iyali. Sai Ranka-ya-daɗe ya zo ya yanke ƙyallen nan."

"Yaushe?"

"Sau uku ana sa rana. Ta ƙarshe har ya iso, mai hoto ne bai zo ba."

Kai, Allah Ya ja zamanin masu hangen nesa! Wata biyar injin nan bai sha wuta ko ɗis ba. Wane tsimi ya kai wannan? Su suka ga hadari, mu aka sa wanka da kashi.

Na hau babur na sayo jarka guda wajen mai shayi, tana ƙona min cinya ina rera waƙa. Inna surukata ta tsoma yatsa ta ce a faɗa min wannan ai ruwan alwala ne. Haka na koma na aro tukunyar biki, na yi goho ina hura wuta, hayaƙi na sa ni hawaye ina dariya. Bushra ta yi wankanta, har daga waje ana ganin tururi.

Ban ɗebe tsammani da injin ba, wallahi. A lissafina jaririyar nan ce za ta fara wanka da ruwansa, ranar da ta zo tata haihuwar.