Ranar da Na Cire wa Direban Tsere Hanci

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, ko da kuwa zan manta hanyar gidanmu. Sati biyu ke nan, amma har yanzu in na ga filasta a kanti sai in kau da kai.

Wata huɗu da zuwana Riyadh, ina zaune da maigidana a ɗaki ɗaya da ɗan kicin a unguwar Shifa. Direba ne a gidan wani Balarabe, wanda shi ne kafilinsa, wato iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, da abincinmu duk a hannun mutumin suke, kuma saura kamar sati biyu a sabunta iƙamar. Mahaifin kafilin ya rasu, ana shirin rabon gado, sai aka aiki maigidana tsohon gidansu na Gubaira ya ɗauko wani zane. Wai sai jibi mai kimanta kuɗinsa za ta zo, kafilin kuma ya tafi Dammam, don haka zanen ya kwana biyu a wurinmu.

Da aka warware bargon da aka naɗo shi a ciki sai na ga wata jar motar tsere mai kama da ƙwaryar kabewa, tayoyi siri-siri kamar na keke, ƙura na tashi a bayanta. A ciki wani Bature ne da hular fata da tabarau a goshi, ga gashin baki, ga hanci har hanci.

"Yaya, wannan ne gadon?" na ce. "Wallahi ko a bakin kasuwar Kwari ka shimfiɗa shi, sai ka haɗa da kyautar kalanda kafin a taya."

"Amarya, ke dai kar ki taɓa. An ce ya girmi kakanki, kuma da hannu aka zana shi."

(Ni da na ci zane-zane a jarrabawar aji uku, har ina jin ni ma masaniya ce. Na tsaya na ƙare masa kallo na yanke masa kuɗin kwandon tumatir biyu.)

Matsalar ita ce bango ɗaya ne kawai babu kaya a jikinsa, kuma shi ne na alƙibla, nan muka jingine zanen. Azahar ta yi, na shimfiɗa sallaya, na ɗaga kai, sai ga Bature yana kallona ido cikin ido. Ni kuwa tun ina Islamiyya na san ba a salla hoto na gaban mutum. Mai hankali zai mayar da bargo ya rufe. Ni sai na buɗe jakata, na zaro filastar ciwo guda biyu, na manna masa ɗaya a kan ɗaya a fuska, na danna da babban yatsa don kar ta faɗo. Har na yaba wa kaina. Da yamma na naɗe zanen a bargo saboda ƙura, na manta da zancen ɗungurungum.

Ranar Laraba maigidana ya ce in shirya, in ya sauke zanen a gidan kafilin sai mu wuce Aziziya sayen kayan miya. Ina cikin mota matar kafilin ta aiko wai in shigo, zafi ya yi yawa. Aka zaunar da ni a bakin ƙofar falon, kusa da wata tsohuwa a keken guragu, mahaifiyar kafilin, wadda kowa ke ce wa Mama. Magada sun cika kujeru. Mai kimantawar wata mata ce 'yar Lebanon, da farar safar hannu da ɗan madubin duba abu a wuya. Tun kafin a buɗe take bayani, maigidana na fassara mini ƙasa-ƙasa: in sa hannun mai zanen na gaske ne, in kuma ba a taɓa yi wa fentin gyara ba, kuɗinsa zai sayi mota sabuwa fil, har da canji.

Ba a taɓa yi masa gyara ba. Nan ne abin ya faɗo mini a rai kamar guduma.

Aka yaye bargo. Kowa ya miƙo wuya yana leƙe. Ga jar mota, ga ƙura, ga direba da filasta a gicciye kamar wanda aka sallamo daga asibitin ƙashi.

Kafilin ya juya ya dubi maigidana. Bai ɗaga murya ba, kalma biyu ko uku ya faɗa, kuma ban buƙaci fassara ba. Wa ya yi wannan? Na ga maigidana ya buɗe baki, na ga zai ce shi ne, na ga iƙama ta tashi sama tana fiffike.

To a nan ne na yi abin da ya fi na farko. Na miƙe zumbur, na ce da Hausa, cikin Larabawa, "Ni ce! Ai ba komai, yanzu zan cire!" Mai kimantawar ta ƙwalla ihu, "La! La! La!" wato a'a, tana miƙo hannu, amma ina, ni da na saba fizge filasta a ƙafar ƙannena. Fiit! Na ɗago hannu da fara'a don kowa ya ga an gama.

Hancin yana jikin filastar. Da rabin gashin bakin.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ina kuka, ina miƙa wa matar filastar da hannu biyu kamar mai ba da goron ɗaurin aure. Ta karɓa da ɗan hantsaki, ta sa a leda, ta ce akwai mai gyara da zai iya mayar da hancin, amma darajar zanen ta faɗi, kuma ba kaɗan ba. Wani cikin magadan ya fara zancen 'yan sanda. Kaina kuwa ya riga ya kai mu filin jirgi da jaka ɗaya.

Sai Mama ta buga sandarta a ƙasa. Ta sa maigidana ya tambaye ni dalili. Na ce salla zan yi. Tsohuwar nan ta dube ni, ta dubi Bature marar hanci, sai ta fashe da dariya har da tari. Ta ce shekara arba'in mutumin nan yana ɗakin mijinta, kullum sau biyar tana juya fuskarsa bango, ba ta taɓa samun ƙarfin halin da na samu ba. Ta ce a cire asarar daga kasonta, kuma duk wanda ya taɓa direban ɗanta, da ita yake yi.

Daga nan muka wuce Aziziya. Muna tsaye gaban mai albasa maigidana ya ce, "Amarya, juya shi fa kawai za ki yi."

An sabunta iƙamar shekaranjiya, alhamdulillahi. Sai dai yanzu duk gidan, har mai ba shuka ruwa, Daktora suke kirana, Mama kuma ta aiko wai gwiwarta na ciwo, ko zan zo da kayan aikina. Abin da na koya shi ne, in aka ce miki kar ki taɓa, to kar ki taɓa. In kuma shaiɗan ya riga ya sa kin taɓa, don Allah kar ki gyara.