Yadda Ake Riƙe Jika da Kalmar Turanci Guda Ɗaya

Mutanen da wannan bayani ya shafa huɗu ne: wani tsoho mai gyaran agogo, wanda ba ya jin Turanci, da matarsa, da 'yarsu da ke aure a ƙasar waje, da jikarsu 'yar shekara bakwai, wadda ba ta jin Hausa. Uwar ta kawo ta hutu, ta ce in an kwana uku ba ta sake ba, za ta mayar da ita gidan dangin uba, inda kowa ya yi boko. Duk wanda ya bi matakan da tsohon ya bi, na lamunce masa jikarsa ba za ta tafi ba.

Mataki na ɗaya: Kada ka yi haɗama.
Kalma ɗaya ta ishe ka. Mai kalma biyu za a zaci yana da ta uku. Shi tsohon "oke" ya zaɓa, domin ya lura masu kawo gyara da ita suke yarda, da ita suke fushi, da ita suke sallama.

Mataki na biyu: Ka sarrafa muryarka.
In ka datse ta, ka amince. In ka ja ta, ka yi mamaki. In ka haɗa ta da ɗaure fuska, gargaɗi ne. In yarinya ta yi kuka, ka faɗe ta sau biyu a hankali kana shafa kanta.

Mataki na uku: Ka ba hannunka aiki.
Tsohon ya zaunar da jikar a kan benci a shago, ya maƙala gilashin gyara a ido, ya sunkuya kan agogo. Ita tana ta zuba, shi yana jefa "oke" duk inda ta tsaya numfashi. Mai sunkuye ba a ganin ruɗewarsa.

Mataki na huɗu: Ka ɗauki abin da ya biyo baya.
A rana ta biyu ta yi tambaya, ya amince. Sai ta ɗauko mataji da jan zare ta kitse masa gemu. Matarsa ta kawo abinci ta tarar da shi haka.
"Malam, wannan kuma wane ado ne?"
"Ni na ba ta izini."
"Ka san abin da ta roƙa?"
"Yanzu dai na sani."
Haka ya sallami masu kawo gyara uku.

Mataki na biyar: Ranar hukunci, ka yi shiru.
Uwar ta zo ta tambayi 'yarta. Yarinyar ta yi dogon jawabi tana riƙe da hannun rigarsa. Tsohon bai ce ko "oke" ba.
Uwar ta yi dariya. "Baba, wai ba za ta tafi ba. Ta ce kai kaɗai ne babban da ke bari ta kai ƙarshen maganarta."
Daɗi ya sa ya manta da dabara. Ya jawo yarinyar, ya buɗe bayan agogo, ya shiga yi mata bayanin kowane haƙori na injin agogon da Hausa tsantsa. Ta ƙura ido, ta gyaɗa kai, ta ja murya ta ce, "Tooo."
Matarsa ta kwashe kwanuka. "Kun dace da juna. Kowa da kalmarsa guda."

Ban ɗauki alhakin gemun kowa ba. Da girma na koyi rubutu. Inda na yi kuskure, masu ilimi su gyara mini, amma da Hausa.