Ranar da Kekena ya Ninke da Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wani yammacin azumi ba, ranar da na kwanta a ƙirjin surukina a gaban baƙi cike da mota. Ko na so in manta ma, mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba.

Ni mai walda ne. A lokacin ina aiki a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a garin Sinnar, ina kwana a ƙauyenmu da ke bakin kwalta. Kullum da safe sai in hau hafla, bas ɗin da ke kai mu gari, in sauka a tasha, sannan in taka da ƙafa kusan rabin awa kafin in isa wurin aiki. Na gwada tafiya da kekena, kumsarin motar, wato kwandasta, ya ce sai dai a ɗaure shi a sama tare da buhunan albasa. Rana ta biyu aka sauko mini da shi ƙafar gaba ta lanƙwashe. Daga nan na ɗauri aniyar ƙera keken da zai ninke biyu, in tura shi ƙarƙashin kujera, in na sauka in warware abina in hau. Ba fetur, ba hayaƙi, ba cacar baki da kumsari.

Wata huɗu ina fama da shi. Na kalli yadda mutanen manyan birane ke shiga jirgin ƙasa da irinsa a waya har sai da idona ya fara ruwa. Na samo ƙananan tayoyi, na yanke tsohon kekena a tsakiya, na haɗa shi da gaɓar ƙarfe irin wadda ƙyauren shago ke juyawa a kai, na yi masa sakata mai riƙe gaɓar. Abin da na fi alfahari da shi kuwa shi ne wani ɗan mariƙi da na ɓoye a ƙarƙashin sirdi ta baya. Da ka ja shi sama, sakata ta zare, keke ya ninke. Na zaɓi wurin ne don hannun mai tuƙi ba ya zuwa can. (A ranar da na yi wannan tunanin, sai da na saya wa kaina shayi da madara don murna.) Abokan aiki suka sa mini suna Bashmuhandis, wato babban injiniya, ni kuma na riƙa amsawa ba kunya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne kuma mahaifin matata Hawwa. Yana da wani shago a bakin kwalta da ya daɗe a rufe, ni kuma na ƙwallafa rai a kansa, ina so in buɗe warshar kaina in riƙa ƙera kekunan nan. Shi kuwa so yake in bar ƙarfe in dawo in riƙe masa hawasha, gonarsa ta bakin ruwa, tunda ƙarfinsa ya fara ja baya. Tun da na auri ’yarsa ban ƙara haɗa ido da shi ba, balle mu ci a kwano ɗaya, don haka ta bakin Hawwa muke magana. Saƙon da ta kawo mini gajere ne: bayan Sallah zai duba keken. In abin kirki ne, shago nawa ne. In shirme ne, in ɗauki fartanya.

A wajenmu ba a buɗe baki a cikin gida. Kowane gida na fito da siniyarsa, babban tiren abinci, bakin hanya, a shimfiɗa tabarmi, dattawa su kwance rawani su miƙe shi a tsakiyar kwalta su tare duk motar da magariba ta riska, su yi ta rantsuwa har sai fasinja sun sauko. Kawu ne jagoran masu tare hanya.

Ran nan na dawo da wuri, na yi wanka, na zura farar jallabiya, na hau kekena na nufi wurin. Ban yi nisa ba sai ga Kawu a gabana yana ɗingishi da sanda. Ba a wuce babba a hanya, don haka na sauka na durƙusa na gaishe shi. Sai bakina, wanda ba ya shawara da ni, ya ce, “Kawu, bismillah, in rage maka hanya.”

Wallahi tayin baki ne kawai. Na tabbata surukuta za ta sa ya ce in wuce.

“Madalla,” in ji shi. “Dama gwiwag ga ta hana ni sakat. Riƙe min sandag ga.”

Kawu mutum ne da Allah ya yi wa jiki, ɗan wurin zaman da na yi a baya kuwa don jakar kayan aiki na yi shi. Amma wa ya isa ya yi wa surukinsa tayi sannan ya janye? Ya tattare jallabiyarsa ya zauna, tayar baya ta yi ƙasa, na yi bismillah na taka.

Abin mamaki, keke ya tafi. Muka wuce masallaci, muka wuce injin niƙa, gaɓa ko motsi ba ta yi ba. Can sai na ji Kawu ya ce, “Kwayyis, ya zol, ya yi kyau, ɗan nan. Ashe abin ga na tahiya.”

Kaina ya kumbura nan take. Na fara tunanin launin fentin da zan yi wa ƙofar shago. Da muka hango kwalta, an riga an tare wata hafla da ta nufi Damazin, fasinja sun zazzauna a tabarmi, an buɗe siniyoyi, kowa ya zuba ido yana jiran ladan. Sai shaiɗan (da aka ce an ɗaure shi a watan, to ban san wanda ya karɓi aikinsa ba) ya raya mini in ƙara wuta, mu iso da ƙasaita.

Akwai wani ɗan tudu inda aka binne bututun ruwa daf da tabarmin. Muka hau shi da gudu, keke ya yi tsalle. Duk wanda aka taɓa goyawa a keke a ƙauyenmu ya san inda hannu ke zuwa in an yi tsalle: ƙarƙashin sirdi. Ni kaina haka na riƙa yi tun ina ƙarami. Wata huɗu ina zane da awo, ban tuna da wannan ba sai da na ji ƙwas a bayana.

Tayar gaba ta juyo ta zo gaida ta baya. Sandar Kawu ta yi sama. Ƙafata ta shuri bokitin hilu-mur, abin shan da aka jiƙa wa baƙi, ya kife. Kawu ya sauka da baya cikin siniyar asida, tuwonmu da miya, ni kuma na sauka a ƙirjinsa, hancina a kan nasa, keke ya rufe a ƙafafunmu ya haɗe mu kamar awartaki. Mutumin da na shekara shida ban kalli idonsa ba, ga shi ina ƙirga gashin girarsa.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, har addu’a na yi ƙasa ta tsage. Ana cikin haka ladan ya kira salla.

Ba wanda ya motsa, sai wani tsoho cikin fasinja ya matso ya miƙo dabino. Kawu ya zaro hannu daga miya ya karɓa, ya yi bismillah ya ci a kwance, ina kansa. Sannan ya ce a hankali, “In ka gama hutawa, ina son in yi salla.”

Sakata ta cije, sai da mutum uku suka taru a kanta, ni kuma ina ba su umarni daga inda nake kwance. Baƙi suka buɗe baki da ruwan randa, aka aika gidaje aka ƙaro abinci. Da haflar za ta tashi, kumsarinta ya leƙo ta taga ya ce, “Ma’alesh ya Usta, yi haƙuri gwanin maƙera, amma dai ya ninke da kyau!” Motar ta tafi ana ta dariya a ciki. Hawwa kuwa da labari ya kai mata, sai da ta riƙe bango.

Aka kai ƙarshen azumi, aka ga wata. Kwana uku da Sallah Kawu ya aiko in zo, karo na farko ba ta bakin ’yarsa ba. Na zauna nesa, kaina a ƙasa.

“Ni ba hwaɗuwa ta dame ni ba,” in ji shi. “Na hwaɗi bisa raƙumi, na hwaɗi bisa lori. Tambaya guda gare ni. Mutanen ga da ka gani cikin waya, ba su da kawunnai? Ba su gamuwa da tsoho ga hanya? Ka zamna wata huɗu ka ƙera keken mutum guda, a garin da ba a wuce mutum.”

Gaskiya ce tsirararta. Na yi ƙarfin hali na ce, “To Kawu, maganar shago fa?”

“Halas, zance ya ƙare, na ba jakina shagon. Shekara goma ina hawanshi, bai taɓa ninkewa ba.”

Washegari na ɗauki fartanya. Yanzu kullum in za ni hawasha sai na bi ta gaban shagon, jakin ya leƙo kai ya dube ni. Abin da na koya shi ne, kafin ka kwaikwayi dabarar mutanen nesa, fara duba inda mutanenka ke sa hannu in sun tsorata. Kuma in ka ga surukinka na ɗingishi a hanya, ka sauka ka tura keken, ku taka tare.